Feshin da Aka Ɗage

Ana gab da azahar Saje ya faɗo ofis ko sallama babu.

"Yallaɓai, an sake shiga wani gidan. Wannan karon har da jini."

Sufeto ya ture kofin shayin da ya huce tun safe, ya jawo hularsa. Mutum ne mai gajen haƙuri da dogon naci, kuma wannan magana ta daɗe da tsaya masa a wuya. Gida bayan gida ake kwashewa da rana tsaka, ba a fasa ƙofa, ba a ɓalle taga. Duk gidan da aka shiga kuwa, a ranar aka yi masa feshin maganin ƙwari. Haka tsarin aikin yake: a fesa da safe, a rufe tagogi, mutanen gida su fice sai yamma. Ɓarawo sai ya zo a tsakani, ya yi hidimarsa hankali kwance.

Ba su kai ga mota ba sai ga hayaniya a bakin ƙofa. Wani ƙato cikin kayan ofis ya shaƙo wuyan wani siririn mutum yana jan sa a ƙasa.

"Ga ɓarawon nan! Ga mai feshin! Uwata ya fasa wa kai!"

Da ƙyar aka ƙwace mai feshin. Leɓensa ya fashe, ido ɗaya ya rufe, takalmi ƙafa ɗaya. Ba abin da yake maimaitawa sai, "Wallahi ban je ba. Yau ban taka gidan ba."

Sufeto ya sa aka kai shi bayan kanta, don a wannan sa'ar can ya fi masa waje aminci. Sannan ya sa ƙaton a gaba zuwa gidansa.

Gida ne ƙarami mai tsafta, da tukwanen fure jere a baranda. An riga an kai tsohuwar asibiti. A falo akwai jini a kusurwar tebur, ga mazaunin talabijin fayau, sai wayoyi na lilo a bango.

"Ta ina ya shiga?" in ji Sufeto.

"Da makulli mana," in ji mai gidan, yana huci. "Ƙarƙashin tukunyar fure ta ƙarshe muke ajiye shi. Wa ya sani in ba shi ba? A shafinsa na intanet ake neman aiki. Ka sa adireshi, ka sa rana, ka faɗi inda makulli yake don ya shiga ko ba ka nan. Da hannuna na rubuta masa. Maƙwabciyarmu ma ta ga mutum da tanki a baya da takunkumi a fuska."

Sufeto ya zagaya falon yana jan hanci, ya leƙa ɗaki, ya leƙa bayan labule.

"An yi feshi a gidan nan yau?"

Matar gidan ce ta amsa daga ƙofar kicin, idonta duk ya kumbura.

"Ba a yi ba, Yallaɓai. Yau aka shirya, amma na ɗage. Surukata ta zo mana, tana fama da ciwon ƙirji, ba ta iya fita yawo. Na kira shi shekaranjiya na gaya masa."

"Kika gaya masa tsohuwa za ta wuni a gida?"

"Baki da baki. Har ya ce Allah ya ba ta lafiya, a bari sai ta koma."

"Makirci ne!" in ji mijin.

"Wataƙila," in ji Sufeto. "Amma ɓarawon da nake nema bai taɓa shiga gida mai mutum ba. Wanda ya zo nan ya zo da tabbacin ba kowa."

A ɗakin tambaya mai feshin ya zauna a ɗofane, hannayensa a kan gwiwa. Fatar yatsunsa duk ta sale saboda magani.

"Wa ke ganin abin da mutane ke rubuta maka a shafi?"

"Ni kaɗai, ranka ya daɗe. A wayata."

"Da aka ɗage aikin yau, ka gyara ranar a shafin?"

"Na so in gyara. Na danna, na danna, ya ƙi. Ya daɗe yana yi min haka. Na kira mai masauki, waya na shiga ba ya ɗauka. Sai na ce ai tunda ni na sani, shi ke nan."

"Wane ne mai masauki?"

"Wanda yake riƙe min shafin. Ai shafi ba a iska yake zaune ba, ranka ya daɗe. Dole akwai na'urar da yake ciki, mai aiki ba tsayawa, kai kuma kana haya a ciki. Injiniya ake ce masa. Nasa ya fi na kowa araha."

Sufeto ya jingina da kujera. Ashe a duk duniya wuri ɗaya ne ya rage da ke cewa yau za a yi feshi a gidan nan, wato cikin wannan shafi.

Mai feshin ya ɗago ido ɗayan da ya rage masa.

"Ranka ya daɗe, mutane makullin gidansu suke ba ni. In aka ce ni ɓarawo ne, ko an sake ni na gama yawo. Ba ni da wata sana'ar."

Shugaban ofis bai ga abin ɓata lokaci ba ko kaɗan.

"Ga tanki, ga makulli, ga shaida ta gan shi. Me kuma kake nema, Sufeto? Gobe da safe a kai shi kotu, mutanen unguwa su samu su yi barci."

"Yallaɓai, takunkumi ta gani, ba fuska ba. In muka kai wannan kotu, mai yi zai huta ya dawo."

"Kai dai ba ka son abu mai sauƙi. Na ba ka zuwa tashin ofis gobe. In ba ka kawo min wani ba, wannan ne."

Da Sufeto ya fito, wata mata ta miƙe daga benci da goyo a baya da kwanon abinci a hannu. Matar mai feshin ce.

"Yallaɓai, shafin nan ne ko? Ni na ja masa. Ya so ya je wani kamfani mai tsada, na ce haba baban Walida, shafi ai shafi ne. Ni na kai shi wurin Injiniya da ƙafata."

"Ba ke kika fasa kan tsohuwa ba," in ji Sufeto. "Ki ba Saje kwanon ya miƙa masa, ki kwatanta min wurin."

Washegari da hantsi Sufeto da Saje suka hau wani bene mai duhu a saman shagon masu faci. A ƙofa an manna allo mai walƙiya: "Shafinka yau, tsaro har abada." Ciki tebur ɗaya ne da kujeru biyu, da labule mai kauri ya rufe ɗakin baya.

Injiniya ya tarbe su da murmushi har kunne, ga tabarau fari ga agogo kamar faifai.

"Ina kuke ajiye shafukan mutane?" in ji Sufeto.

"A ƙasar waje, Yallaɓai. Katafaren gini mai sanyi, da masu gadi, da kyamarori. Ko ƙuda ba ya shiga."

"Kowa da kalmar sirrinsa?"

"Kowa da tasa. Ni kaina ban isa in leƙa na wani ba."

"To me ya hana ka ɗaukar wayar mai feshi?"

"Wane mai feshi? Abokan hulɗarmu ai ba su ƙirguwa."

Yana rufe baki aka ɗauke wuta. Wani gurnani da ke fitowa daga bayan labule ya yi tsit. Injiniya ya zabura kamar an tsikare shi.

"Wayyo, shafuka za su sauka!"

Ya banka labule da gudu. Sufeto ya bi shi a hankali, hannu a baya.

Tirƙashi! Ƙasar wajen ke nan. Tsohuwar kwamfuta ce ba murfin gefe, an ɗora ta a kan bulo saboda yoyon rufi, an kafa mata fanka tana mata fifita. Ƙura ta yi mata gashi. Kusa da ita ga bokitin wanki da takalman Injiniya.

"Su ne masu gadin?" in ji Saje, yana nuna takalman.

Injiniya ya tsaya riƙe da igiyar janareta, gumi na bin bayan kunnensa.

Da wuta ta dawo, Sufeto ya zaunar da shi gaban allo. Wasa ya ƙare.

"Shiga kamar kai ne wani daga cikin masu hayarka. Kowa ma."

Ya shiga da sunan wata tela.

"Yanzu shiga da na mai feshi."

Yatsun Injiniya suka bi maɓallan nan dai da suka bi ɗazu. Sufeto ba gwanin kwamfuta ba ne, amma idonsa ba ya barci.

"Kalma ɗaya ka ba kowa."

"Mutane na mantuwa, Yallaɓai. Sai su yi ta damuna da waya. Shi ya sa na sauƙaƙa."

"Koma na telar. Wannan kibiya ta sama, me take yi?"

Injiniya ya danna ba da son ransa ba. Sai ga sunaye sun zubo a allo: mai burodi, mai gyaran waya, makarantar koyon tuƙi, mai feshi. Saje ya taɓa na mai feshin, ya buɗe ba gardama. Ga adireshi, ga rana, ga wurin makulli, na kowa a shanye.

Ran Sufeto ya ɓaci matuƙa. Gidan haya aka gina ba bango tsakanin ɗakuna, aka kuma raba wa kowa makulli iri ɗaya.

"Na'urar na rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya shiga?"

"Na kashe wannan. Yana cin wuri."

"Kana da kwafin shafukan a ajiye a wani wuri?"

Injiniya ya girgiza kai.

"Kai, kana sayar wa talakawa tsaro, ko ƙofa ba ka da ita! Akwai tsohuwa kwance a asibiti, akwai mutum a bayan kanta saboda wannan tarkacen. Ko ka tuno min wanda ke leƙen shafin mai feshi, ko ka kwana kusa da shi."

"Wallahi ban sani ba! Kowa na iya..." Sai ya tsaya, ya cire tabarau. "Tsaya. Kwanakin baya na'urar ta mutu, na riƙa tayar da shafuka kaɗan kaɗan. Kowa ya kira yana zagina a kan nasa. Amma akwai wani mai gwanjo, nasa na tayar da farko, duk da haka ya yi ta kira. Wai yaushe na mai feshi zai dawo. Na ce ina ruwanka? Ya ce ɗan'uwansa ne."

"Mai feshi na da ɗan'uwa mai gwanjo?" Sufeto ya tambayi Saje.

Saje ya kira matar mai feshin a waya, ya saurara, ya girgiza kai.

"Ta ce ko a mafarki."

Shagon mai gwanjon na ƙarshen wani layi, bayan masu walda. Dogo ne mai duhu, cike da talabijin, injin markaɗe, darduma a naɗe, jakunkunan kwamfuta rataye a ƙusa. Mai shagon na zaune a kan wani tsohon firji, mutum mai faɗin kafaɗa, idanunsa jajur, yana tari a cikin hankici.

"Sannu da zuwa, manya. Me za a ba ku? Akwai talabijin kamar sabo."

"Mura ake yi?" in ji Sufeto.

"Ƙurar kaya ce."

"Kana da shafin intanet?"

"Akwai wani ɗan abu haka. Ni ban ma iya shiga ba, boko bai kama ni ba."

"Ka san mai feshi?"

"Wane? Ban san kowane mai feshi ba."

"Injiniya ya ce ɗan'uwanka ne."

Mai gwanjon ya yi dariyar da ta ƙare da tari.

"Injiniya ai maƙaryaci ne, kowa ya sani."

"Wannan kam gaskiyarka," in ji Sufeto.

Ya shiga cikin shagon yana taɓa kaya kamar mai saye. Ya tsaya a kan wata darduma, ya warware bakinta, ya sunkuya. Warin magani ya bugi hancinsa har ya yi atishawa. Ya sauko da jakar kwamfuta, ita ma haka. Ya shinshina wani labule, haka.

"Kayan nan warin maganin ƙwari suke."

"Eh, na fesa wa shagon jiya. Da kaina."

A daidai nan wani ƙaton kyankyaso ya fito daga ƙarƙashin firjin, ya bi ta kan ƙafar mai gwanjon cikin isa, ya wuce abinsa. Wasu biyu na biye da shi.

"Lallai maganinka na da tausayi," in ji Saje.

Sufeto bai yi dariya ba.

"Bari in gaya maka abin da ban yarda da shi ba. Shago ba ya warin magani, kaya na yi. Kyankyasai na yawo, kai kana tari. Mai feshin gaske ya san ba a komawa gidan da aka fesa sai iska ta daki ɗaki, shi ya sa ƙirjinsa lafiya lau. Wanda bai sani ba ne ke shiga da rana tsaka tagogi a rufe, ya shaƙi guba, ya kwaso kayan da suka sha magani."

"Gwanjo ne! Daga ko'ina nake saye!"

"Yallaɓai, zo ka gani," in ji Saje daga ƙuryar shago.

A bayan tulin katifu ya jawo tankin feshi mai igiyar goyo. An yanke samansa an faɗaɗa baki, yadda hannu zai shiga. Ciki a bushe ƙayau, ko ɗigon magani bai taɓa gani ba. Saje ya kifa shi, sai ga agogon hannu da caja da ɗan kunne ɗaya sun zubo.

"Na sayarwa ne," in ji mai gwanjon, amma muryarsa ta riga ta yi ƙasa.

"Miƙo wayarka, ka buɗe," in ji Sufeto.

Ya yi jinkiri. Saje ya matso. Da aka buɗe, ba sai an yi bincike ba. Mutumin da boko bai kama ba, shafin mai feshi ne a buɗe a wayarsa, ta ƙofar baya, a kan ayyukan mako mai zuwa.

Sufeto ya juya masa allon.

"Tsohuwar ta farfaɗo da safen nan. Likita ya ce da ƙyar idonta na hagu zai sake gani. Tana zaune a falon ɗanta, ba ta tare maka hanya ba, ka tura ta a kan tebur."

"Ihu ta yi! Ni ban san tana nan ba, an rubuta ba kowa a gidan har yamma!"



"A ina aka rubuta?" in ji Sufeto.

Mai gwanjon ya zame daga kan firjin ya zauna a ƙasa. Ya rufe fuska da hankicin.

"Hoton firji nake ɗorawa a shafina, hannuna ya kuskure ya taɓa kibiyar. Sai na ga komai a buɗe. Ban fasa ba, Yallaɓai, wallahi ban fasa komai ba. A buɗe na same shi. Na farko na ce sau ɗaya kawai. Sai na ga ba mai tambayar mutum da tanki a baya."

"Ka san an kama mai feshin?"

"Na ji."

"Ka yi barci?"

Saje ya ɗaga shi, ya sa masa ankwa, ya rataya masa tankin a kafaɗa. Masu walda suka ajiye aiki suna kallo har aka tura shi cikin mota. A hanya suka biya ta benen, suka sauko da Injiniya rungume da kwamfutarsa. Da aka zare ta daga bango, shafin tela da na mai burodi da na kowa suka mutu tare, kuma ba wanda ke da kwafi.

Kafin la'asar aka buɗe wa mai feshi. A ƙofar kanta suka yi kiciɓis da mai gwanjon, ɗaya na fita ɗaya na shiga. Mai feshin ya dube shi, ya dubi tankin, ya wuce. Matarsa ta fashe da kuka tana ta godiya. Ƙaton mai gidan nan ma ya zo, ya tsaya nesa yana murza makullin mota, ya kasa haɗa ido da kowa.

Sufeto ya miƙa wa mai feshin wayarsa.

"Kai ba ka da laifi, zan faɗa a gaban kowa. Amma aikinka bai ƙare ba. Duk wanda ya taɓa rubuta maka inda yake ajiye makulli, asirinsa ya daɗe a waje, kuma ban san ido nawa ya gani ba. Sai an gaya musu su canza kwaɗo."

"A bari sai gobe mana, Yallaɓai," in ji matar. "Dubi fuskarsa."

"A'a," in ji mai feshin. "Ni suka ba amana."

Ya zauna a kan bencin da matarsa ta wuni, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya nemo lambar farko ya kira. Ana jin muryarsa aka kashe. Ya goge leɓe, ya sake kiran lambar.

"Salamu alaikum, Hajiya. Mai feshi ne. Don Allah kar ki kashe, ba aiki nake nema ba. Maganar makullin gidanki ce."